Inci Huɗu

Ranar Laraba da safe, wata biyu bayan rasuwar matarsa, Malam Shafi ya shiga kicin ɗin gidansa zai dafa ruwan shayi, ya yi tuntuɓe ya faɗi. Bai karye ba. Goshinsa ya daki bakin kantar girki, buta ta yi nata waje, tabarau ya yi nasa. Ya jima a kwance, amma ba zafin ne ya hana shi tashi ba. Abin da idonsa ya gani ne daga inda yake. Tsohuwar shimfiɗar robar da ke gaban kantar ta zame, ƙarƙashinta kuwa akwai wani tudu na siminti da bai san da shi ba.

A gidan wani wannan ba labari ba ne. Amma gidan nan shi ya gina shi, ko kuma a ce shi ya tsaya a kan masu gininsa har suka gwammace rana a kan inuwarsa. Shekara talatin da shida ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a, yana tsince kurakuran mutanen da suka fi shi suna. Da ya tashi gini bai yarda da kan kowa ba sai na wani littafin gine-gine mai kauri da ya saya a gwanjo. Kullum yana wurin da littafin a hammata. In magini ya ce a yi kaza, sai ya tambaye shi a shafi na nawa aka ce haka. Nan ma'aikata suka laƙaba masa Malam Shafi, sunan ya bi shi har ya danne na gaskiya.

Ya san zurfin harsashin gidan. Ya san kaurin kowane bango da inda kowace waya ta bi a cikinsa. Kicin ne kawai ya rabu da shi tun da aka tare, don marigayiyar ta ce masa mai gyaran rubutu ba ya gyara miya, shi ma bai yi musu ba. Iyakarsa bakin ƙofa, ya tambayi ko an gama. Daga bakin ƙofar kuwa firij ya tare gaban kantar.

Ya tashi zaune, ya lalubo tabarau, ya je ya ɗauko tef ɗin awo tun kafin ya nemi abin goge jini. Tsawon tudun ƙafa shida, daidai tsawon kantar. Faɗinsa ƙafa biyu. Tsayinsa inci huɗu cif. Ya fito da zanen gidan daga ƙasan akwati, ya shimfiɗa a kan tebur, ya bi shi da yatsa sau biyu. Babu tudu.

A haka Auta ta same shi. Ita ce ƙaramar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, kuma ita kaɗai ce cikin 'ya'yan ta gaji bakinsa.

"Baba, me ya sami goshinka?"

"Kanta ce ta gaishe ni."

"Da alama kun daɗe ba ku gaisa ba." Ta kama haɓarsa ta juya fuskar wajen haske. "A ina?"

Ya kai ta ya nuna mata. Ta dubi tudun kamar yadda ake duban tsohon maƙwabci.

"Wannan? Ai tun ina rarrafe yake nan. Na ɗauka kai ka sa aka yi."

"Ni? In sa tudu a tsakiyar hanya? A wane shafi?"

"To ko ma wa ya yi, fasa shi za a yi. Baba, kullum ina ganin irinku a gadon asibiti. Ɗan tuntuɓe ne, sai ƙugu ya tafi, daga nan mutum bai ƙara takawa ba. Zan turo mai tayil. Ranar Asabar ya daidaita daben nan ya zama bai ɗaya. In ka ƙi, ka haɗa kayanka ka dawo wurinmu. Na gaji da aiki rabin hankalina yana nan."

Malam Shafi ya tuna gidan Auta. Yara huɗu, da talabijin da ba a kashewa, da surukinsa mai faɗin ra'ayi a kan duk abin da bai karanta ba. Ya tuna littattafansa, da ɗakin da za a ba shi, wanda ko rabinsu ba zai ɗauka ba.

"Ba a goge kuskure sai an san wanda ya yi shi," ya ce.

"Kana da kwana uku ka nemo shi."

Washegari mai tayil ya zo duba aikin, wani mutum mai furfura a gemu da fensir a bayan kunne. Ya durƙusa, ya ƙwanƙwasa tudun da ƙotar guduma, ya saurara, ya matsa gaba ya sake ƙwanƙwasawa.

"Me kake ji?" in ji Malam Shafi. Ya tsani tambayar abin da bai sani ba, amma son sani ya fi ƙarfin girman kansa.

"In akwai rami a ƙasa, ƙarar takan yi kamar ganga. Wannan ko'ina dam yake." Ya ɗan kankare gefe da bakin kurfi, ƙarfen sassaƙarsa, ya murza garin a yatsa. "Kuma ba tare da daben aka zuba shi ba. Dubi, yashin ba iri ɗaya ba ne. Na daben ja ne, wannan fari. Daga baya aka yi shi."

"Sabon siminti a kan tsoho ai ɓamɓarewa yake yi. Littafi ya faɗa."

"In an zuba shi haka kawai, e. Wanda ya yi wannan sai da ya sassare tsohon daben, ya wanke, ya shafa masa ruwan siminti, sannan ya zuba. Shi ya sa ko tsaga babu. Ga bakin ma an zagaye shi, don kada ya yanki ƙafa. Baba, wannan ba kuskure ba ne. Kuskure ba ya yin kyau haka."

Malam Shafi, wanda ya ga kyawawan kurakurai da yawa a rayuwarsa, ya gyara zaman tabaraunsa.

Mai tayil ya ɗora dogon katakon awonsa a kan tudun, ya kwantar da kai yana leƙen ƙasansa. Haske yana wucewa a wuri biyu.

"Ka ga nan, gaban wurin wanke-wanke? Da nan, kusa da taga? Ya lotsa. Ba lalacewa ya yi ba, cinyewa ya yi. Ƙafa ce ta ci shi."

"Ƙafa tana cin siminti?"

"In ta samu shekaru."

Da mutumin ya tafi, Malam Shafi ya cire takalmi ya hau tudun, ya sa ƙafafunsa a inda ya lotsa. Yatsunsa suka wuce, dugadugansa suka rage a waje. Ya dafa kantar, sai ya ji ta yi masa ƙasa, dole ya ranƙwafa. Ya sauko ya tsaya a kan daben, ya miƙa hannu. Daga nan kantar ta yi masa daidai, kamar tela ne ya auna shi. Ya yi mamakin wannan na ɗan lokaci, mamakin mutumin da ya ga rigarsa a jikin wani.

Mutum ɗaya ne ya san zai iya zagaye bakin siminti haka. Birkilan da ya gina gidan, wanda kowa ke kira Daidai, saboda duk abin da aka ce masa sai ya ce daidai, sannan ya je ya yi abin da ya ga dama. Shekara talatin ba su haɗu ba, kuma babu wanda ya yi kewar wani. Da aka yi cigiya aka ce yana nan da rai, yana wuni a filin buga bulo na ɗansa, idonsa ya yi rauni amma bakin yana nan.

Ya same shi a kan benci a inuwar wani tulin bulo, yana yi wa masu kwaɓa faɗa a kan yawan ruwa.

"Wa nake ji kamar Malam Shafi?"

"Ashe kunnen bai tafi ba."

"Muryar da ta hana ni cin abinci wata takwas? Ko a kabari na san ta. Ina littafin?"

"Yana gida."

"Allah ya ƙara masa lafiya. Na ji rasuwar uwar gidan. Allah ya jiƙanta. Ban zo ba, ƙafar ce."

"Yau za ka zo. Akwai abin da za ka duba mini."

Aka sa shi a mota. A kicin ɗin Daidai bai nemi haske ba. Ya durƙusa da ƙyar, yana riƙe da bakin kanta, ya bi gefen tudun da tafin hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a hankali, yadda ake shafa bayan doki.

"Bai tsage ba," ya ce. "Kai, a da an yi siminti."

"Aikinka ne."

"Daidai."

"Wa ya sa ka?"

Tsohon ya zauna a kan tudun ya miƙe ƙafafu. "Malam, ka tuna ranar da za mu ɗora kantar nan? Na ce maka a kira uwar gida ta tsaya a nan."

"Ban tuna ba."

"Ni na tuna. Haka muke yi. Mai girkin ake kira, ta tsaya yadda ta saba tsayawa, ta lanƙwasa hannu. Sai ka auna daga gwiwar hannunta, ka sauko faɗin tafi ɗaya, ka yi alama a bango. Nan kanta take zama. Ba ta da wani awo sai wannan. Ka buɗe littafi ka ce inci talatin da shida, an riga an auna. Na ce, wa aka auna? Ka ce masana ne suka auna. Na ce daidai."

"Inci talatin da shida shi ne ƙa'ida."

"Ƙa'idar matan da suka rubuta littafin, wataƙila. Taka kuwa, Allah ya jiƙanta, 'yan'uwanta ma Guntuwa suke ce mata. Da na auna ta, gwiwar hannunta daidai bakin kantar take. Ka gwada yanka albasa a kan abin da ya kai maka gwiwar hannu. Kafaɗa a sama, kamar kaza za ta tashi."

Malam Shafi ya ɗaga kafaɗunsa bai sani ba, ya sauke.

"Yaushe?"

"Bayan tarewarku da shekara biyu. Kafin nan a kan bulo take tsayawa, wani rabin bulo da muka bari a bayan gida. Ran nan ya juye da ita, tana riƙe da tukunyar ruwan zafi, ga ciki. Ta aiko aka kira ni hannunta a naɗe. Kai lokacin an tura ka wani gari, wai za ku buga wani babban aiki, sati biyu. Kwana ɗaya na yi na gama, ita ta riƙa ba shi ruwa har ya kama."

Tabon ya sani. Yana bayan hannunta na hagu, daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwa, fari-fari, mai sheƙi. Da ya dawo daga tafiyar ta ce masa buta ce ta zame. Ya tuna abin da ya ce mata, don ba ya manta jimlolinsa. Ya ce yawancin haɗurran gida daga rashin natsuwa suke, kuma ya karanta hakan a wani wuri.

"Me ya hana a gaya mini?"

"Na ce mata a sauke kantar kawai, aikin kwana biyu ne. Ta ce a'a, zai gani. Ta ce, mutumin nan kullum kuskuren wasu yake gyarawa, gidan nan ne kaɗai abin da ya rubuta da kansa. A bar masa shi ba jan biro."

"Haka ta ce?"

"Ni ina na san jan biro? Maganarta ce."

Maganarta ce. Ya ji ta a ciki, har da yadda za ta ɗan karkatar da kai in ta zo ƙarshen jimla. Abin da ya fara ji haushi ne, kuma ya riƙe haushin da kyau don ya san abin da ke bayansa. Shekara talatin da biyu ana tausaya masa a cikin gidansa bai sani ba. An bar shi yana kai baƙi ɗaki ɗaki yana cewa babu inci ɗaya da aka sake a gidan nan, ita kuma tana tsaye da tire a hannu tana cewa gaskiya ne.

"Za ka sha shayi?" ya ce wa Daidai.

"In kai za ka dafa, a bar shi."

Bayan ya mayar da tsohon, sai ya ɗauki tef ya shiga zagaya gidan, abin da bai yi ba tun ana fenti. Makunnin fitilar falo yana daidai kafaɗarsa. Madubin banɗaki yana daidai fuskarsa. Sakatar tagar ɗakin kwana sai ya ɗan miƙa hannu yake kai wa. A bayan labulen tagar ya ga wata 'yar sanda mai lanƙwasasshiyar ƙusa a kai, wadda ya sha cewa a fitar da ita don tarkace ce. A cikin kabad, duk abin da ake amfani da shi kullum yana layin ƙasa. Layin sama babu komai sai kofunan baƙi, da ƙura.

Ya zauna ya yi lissafi a bayan zanen gidan. Talatin da shida a cire huɗu, talatin da biyu. Wannan ne awon kantarta. Ya so ya ci gaba ya fitar da tsayinta gaba ɗaya, sai ya ga ba shi da abin da zai ɗora lissafin a kai. Ya san zurfin rijiyar gidan har da rabin ƙafa. Tsayin matarsa bai sani ba. Ya san dai in suna tsaye yana ganin tsakiyar ɗankwalinta.

Ranar Asabar Auta ta zo da mai tayil, shi kuma ya zo da babbar guduma a kafaɗa.

"Ajiye wannan," in ji Malam Shafi.

"Baba, mun yi magana," Auta ta ce.

"Kin ce daben ya zama bai ɗaya. Ba ki ce ta wane gefe ba." Ya juya ga mai tayil. "In ba a sauke tudun ba, aka ɗaga sauran daben ya tarar da shi, zai yiwu?"

Mutumin ya cire fensir daga kunne ya sosa kai da shi. "Zai yiwu. Amma aikin ya ninka. Inci huɗu ba shafe ba ne, sai an sa 'yar tsakuwa a kwaɓin. Sai an sassare tsohon daben duka. Ƙofar nan sai kafinta ya rage mata ƙasa, in ba haka ba ba za ta buɗe ba."

"Bakin ƙofar fa? Kada a fitar da tudu daga ciki a kai shi waje."

"Sai a yi gangare daga baranda, mai tsawo, ƙafa huɗu ko biyar, yadda ƙafa ba za ta ji ba. A sa masa tayil mai kaushi."

"Kwana nawa?"

"Zubawa kwana ɗaya. Ba shi ruwa sati guda, safe da yamma. Sannan tayil." Ya dubi kantar, ya dubi Malam Shafi daga sama har ƙasa. "Amma Baba, ka san abin da zai faru? Kantar za ta yi maka ƙasa. Kai dogo ne. Kwano biyu za ka wanke bayanka ya fara magana."

"Kwano ɗaya gare ni."

"Wannan wace irin rigima ce?" in ji Auta. "A fasa abu na awa biyu, ka ce sai an yi aikin sati biyu, don ka samu ciwon baya?"

"Tuntuɓe kika hana. Ciwon baya ba ya cikin sharaɗin."

Ta buɗe baki za ta amsa, sai idonta ya sauka a kan wuraren nan biyu da suka lotsa, yanzu da babu shimfiɗa a kansu. Ta jima tana kallo. Ta zare takalmi ɗaya ta sa ƙafarta a ciki, ita ma ta yi masa yawa.

"Na Mama ne," ta ce, ba da sigar tambaya ba.

"Inci huɗu," ya ce. "Kuskuren bugu ne. Tun bugun farko."

Ta mayar da takalminta. Ta fita baranda ta daɗe tana neman wani abu a jakarta, da ta dawo sai ta tambayi mai tayil ko buhu nawa za a kawo.

Malam Shafi ne ya ba daben ruwa da kansa, safe da yamma, da butar da ta faɗi tare da shi. Ya roƙi mai tayil abu ɗaya, kada a cike lotsawar da siminti dabam, a bar tayil ya hau kanta yadda take. Mutumin ya ce ba a yin haka, tayil zai fashe. Malam Shafi ya buɗe baki zai tambayi shafi, ya rufe. Ya ce a yi yadda ake yi.

Yanzu kicin ɗin bai ɗaya yake, ko makaho ba zai yi tuntuɓe ba, kuma Auta ta daina maganar ɗakin yara. Kowace safiya yakan hau gangaren bai ji ya hau ba, ya tsaya gaban wurin wanke-wanke, ya ranƙwafa. Mai tayil ya yi gaskiya, sai dai ya yi wa bayan kyakkyawan zato. Tun a kofin farko yake fara magana.

A nan yakan tuna ranar da ya fara kawo ta ganin gidan, fenti bai gama bushewa ba. Ya zagaya da ita ɗaki ɗaki, ya fi awa yana bayani, harsashi, rodi, kaurin bango. Da suka zo nan ta ɗora hannu a kan kantar, ta ɗago kai ta dube shi kamar mai jiran wani abu. Shi kuwa ya ce mata inci talatin da shida, daidai da littafi. Ta ce ya yi kyau.

Ya gyara jimlolin mutane ba adadi, ya san inda kalma ta ɓace a layi tun kafin ya gama karanta shi. Jimlar da ta ɓace masa a wannan ranar kuwa gajeriya ce, ko layi ɗaya ba ta cika ba, kuma ya samu shekara talatin da huɗu da zai iya mayar da ita.

"Ke, ya yi miki?"